Ɗan Maraƙin da Ya Zo a Ƙunshin Ƙosai

A unguwar Hausari ta garin Potiskum akwai wani dattijo, Alhaji Maigandi, dillalin shanu. Shekara arba'in da 'yan kai yana shiga kara yana fita. In ya dubi sa sau ɗaya, ya ɗan daki tozonsa da tafin hannu, zai faɗi shekarunsa, ya kuma faɗi ko ƙiba ce ta gaskiya ko kuwa kanwa aka ɗura masa jiya ya sha ruwa ya kumbura. Mutum ne da ba ya dariya a waje. Ba rashin iyawa ba ne. Tun yana saurayi ya lura dillali mai yawan washe baki ba a riƙe maganarsa da nauyi, sai ya naɗe dariyarsa ya ajiye, har ya manta inda ya sa ta.

Bokonsa aji huɗu ne, a Mamudo, daga nan mahaifinsa ya ja shi bin shanu. Yana karatu, amma da yatsa, leɓɓansa suna motsi, shi ya sa ba ya yi a gaban mutane.

Abu ɗaya yake yi a ɓoye, shi ne cin ƙosai. Abokinsa Alphonsus mai kemis ya ɗaura masa abin awon jini a damtse, ya matsa, ya girgiza kai, ya ce a rabu da soye-soye. Matarsa Hajiya Mairam ta ji, ta hana ƙosai shiga gidan. Saboda haka kullum in gari ya waye sai Alhaji ya ce zai miƙe ƙafa, ƙafar kuwa ba ta miƙewa sai ta kai shi gindin darbejiyar bakin titi, inda Iya Hadijatu take suya.

Iya Hadijatu a takarda take ƙunshe ƙosanta. Buhu guda take saya a wurin masu tsofaffin takardu, duk abin da hannunta ya zaro shi ne rabonka. Mutanen unguwar sun ci ƙosai a takardar jarrabawa, sun ci a katin ɗaurin aure, akwai wanda ya rantse ya taɓa ci a taswirar ƙasar Indiya, yaji ya rufe babban birninta.

Wata safiyar Litinin Alhaji ya zagaya bayan bishiya ya buɗe ƙunshinsa, sai ya ga hoton ɗan maraƙi yana kallonsa. Ya ja tsaki.

"Wanda ya zana wannan bai taɓa ganin maraƙi ba," ya ce a ransa. "Ina tozo? Wannan ƙafafu kuma kamar na kujera."

Ya sa yatsa a kan rubutun don ya ga ko wawan da ya yi zanen ya sa sunansa. Manyan baƙaƙe ne, irin na 'yan aji ɗaya. Ga abin da suka ce:

"Tangaɗi ya duba gabas, shanu ne. Ya duba yamma, shanu ne. Amma babu innarsa. Sai ya ce, 'Ni ba a nan zan kwana ba.'"

Alhaji ya juya takardar. Ashe kasuwa aka kawo ɗan maraƙin aka raba shi da uwarsa. Ya sulale ta ƙarƙashin shinge, ya ruga, ƙafafunsa suna harɗewa, ya faɗa cikin gonar dawa ya laɓe. Layin ƙarshe ya ce: "Sai ya ji wani abu yana numfashi a bayansa."

Shi ke nan. Takarda ta ƙare.

Alhaji ya dunƙule ta ya jefar. Ya yi taku uku, ya waiga hagu da dama, ya dawo ya ɗauka, ya warware ta a kan gwiwarsa, ya cusa a cikin hula.

Ranar nan bai yi aikin kirki ba. Ana nuna masa bajimi yana kallon bayan bajimin. Mene ne yake numfashi? Kura? Ai kura ba ta numfashi ka ji, sai dai ka ji haƙori. Mai gona ne? To mai gona ai magana zai yi. Ya kama kansa yana wannan lissafi, ya yi a'uziyya, ya ce shi da furfura, littafin yara.

Washegari ya riga kowa zuwa. Aka ƙunshe masa a takardar lissafi. Ya juya ta gaba da baya.

"Iya, wannan takardar ba ta da ƙwari. Canja min."

Iya Hadijatu ta ɗago daga kasko ta dube shi. Shekara tara yana sayen ƙosanta, bai taɓa sanin takarda tana da ƙwari ba. Ta sa hannu, ba a buhu ba, a ƙarƙashin tabarmarta, ta zaro wani fallen ta juye masa.

Tangaɗi ne. Amma labari ya yi tsalle. Ga shi a bakin rijiya yana gardama da wani jaki, ba wanda ya ƙara tada zancen numfashi. Ga kuma wata masifar: mai ya jiƙa takardar har ta zama kamar gilashi, rubutun baya ya fito ya hau kan na gaba, jakin ya bayyana da ƙafa takwas. Sai da Alhaji ya ɗaga ta saitin rana ya runtse ido ɗaya kafin ya raba su.

Daga ranar ya fito da dabara. "Zuba min a leda. Takardar ki ba ni daban, ta goge hannu ce."

"To, Alhaji," in ji Iya Hadijatu. "Hannun dai yana shan gata."

Ba kullum take ba shi ba. Wata rana jarida, wata rana takardar asibiti, sai ya ƙosa sannan Tangaɗi ya fito. Cikin mako biyu ya tara falle biyar, duk a cikin hula, har hular ta soma zama a kansa a karkace, tana ƙamshin man gyaɗa. Ya san Tangaɗi ya ƙetare rafi. Ya san wata zabuwa ta yi masa kwatancen ƙarya. Amma tsakanin wannan da wancan ramuka ne, ga mai numfashin nan har yanzu yana tsaye a bayansa.

Bayan la'asar suna da majalisa a gaban kemis ɗin Alphonsus. Babban mai magana a wurin shi ne Malam Almustapha, tsohon hedimasta, Bafulatani siriri mai tabarau, wanda ba ya zancen da bai kai na majalisar ɗinkin duniya ba. Shi da Alhaji abokan wasa ne, don mahaifiyar Alhaji Babarbariya ce. Ran nan, wata Talata, Malam ya gama warware rikicin ƙasashe uku, ya miƙe, ya kakkaɓe riga, sai ya ce da wata 'yar siririyar murya da ba tasa ba:

"To, ni ba a nan zan kwana ba."

Alhaji ya ƙware da ruwan da yake sha. Daga cikin shago aka ji Alphonsus ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari. Sauran mutane ba su ga abin dariya ba.

Alhaji ya bi Malam har kwanar masallaci.

"Bafulatani, tsaya."

"Me kuma, Babarbare? In saniya ce ba ni da ita, kun sayar mana da su kaf."

"Maganar nan da ka yi, a ina ka samo ta?"

"Wacce? Na yi maganganu da yawa yau, duka masu amfani."

Alhaji ya matso, ya rage murya yadda yake yi in ciniki ya zo gangara. "Kana cin ƙosan Hadijatu?"

"Ina saya wa iyali."

"Takardar fa?"

Malam ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Jikata nake tara wa. Munawwara. Tana son hotuna."

"Munawwara da muka je sunanta Damagum? Watanta biyar fa."

"Yarinyar tana da basira ƙwarai."

"Allah ya ƙara mata. Ni ma jikana nake tara wa."

"Ashraf? Mai bautar ƙasa?"

"Shi. Yana son hotuna."

Suka tsaya suna kallon juna. Wani mai Keke ya wuce, ya gaishe su, ba wanda ya amsa.

"Nawa gare ka?" in ji Alhaji.

"Huɗu."

"Biyar gare ni. Wuce mu je zaurenka, nawa yana da kunnuwa."

A zauren Malam suka tura ƙofa, suka baje takardu a kan tabarma. Malam, da yake aikinsa ne, ya jera su bisa lamba. Alhaji ya fizgi wadda ke bin tasa ta farko. Mai numfashin nan da ya hana shi sakat mako biyu, ashe wani tsohon raƙumi ne mai mura, ya shigo gonar satar dawa, yana roƙon Tangaɗi kada ya tona shi.

Wani sauti ya fito daga hancin Alhaji, kamar an taka busasshen kara.

"Dariya ka yi?" in ji Malam.

"Atishawa ce."

Har yanzu da saura. Falle uku babu a tsakiya, na ƙarshe ma babu. Ba su sha wahalar tunanin inda za su nema ba, don sun ji tarin da aka yi a shago.

Alphonsus bai yi musu ba. A garin aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan. Ya jawo wani kwalin magani da ba kowa a ciki, ya zazzage falle uku a kan kanta.

"Ni ban ɓoye littafi ba, ba wanda ya tambaye ni ne. Abin da nake roƙo, kada ku gaya wa kowa a cikin me ya zo."

"Dakta!" in ji Alhaji. "Kai da ka hana ni!"

"Na hana ka, ban hana kaina ba. Jininka ne ya hau, Alhajina, ba nawa ba."

Suka shige bayan kanta su uku, tsakanin kwalaye, suka haɗa falle goma sha biyu. Alphonsus ya ce shi abin da ya kama shi, kullum in ya buɗe jarida damuwar da ke ciki ta fi ƙarfin kowa, amma damuwar ɗan maraƙin nan daidai tafin hannu take, mutum yana iya ɗaukarta ya juya ta ya sa ran za ta warware. Malam Almustapha ya ce shi shekara talatin da biyar yana koyar da irin waɗannan littattafai, bai taɓa karanta ko ɗaya don ya ji abin da ya faru ba, idonsa kullum yana ƙasan shafi wurin tambayoyi. Wannan kuwa ba mai tambayarsa komai.

Alhaji kuwa, abin da ya tuna bai faɗuwa. Yana ɗan shekara tara, ranar farko da aka kawo shi wannan kasuwa, ya riƙe gefen rigar mahaifinsa suna kutsawa cikin ƙahoni. Da ya ɗaga kai, sai ya ga rigar ta wani ce. Ya duba gabas, shanu. Ya duba yamma, shanu. Shekara hamsin da wani abu bai tuna wannan tsayuwar ba, sai da wani zanen da ko tozo ba shi da shi ya tuna masa.

Malam ya karanta falle na goma sha biyu. Tangaɗi ya gaji, ya fito bakin kwalta. Wata tirela ta taho ta tsaya a gabansa, ta saki iska. Direba ya diro. A hannunsa akwai igiya.

Nan fallen ya tsaya.

"Wataƙila mutumin kirki ne," in ji Alphonsus.

"Tirela ce fa," in ji Alhaji. "Da igiya. Ni za ka gaya wa?" Shi ya san inda tirela take kai shanu. Dubu nawa ya tsaya aka loda a gabansa, bai taɓa bin ko ɗaya da ido ba bayan an rufe ƙofa.

"Fallen ƙarshe yana wurin Hadijatu, in ba ta riga ta ba wani ba," in ji Malam. "Sai wani ya je ya tambaya."

"Kai za ka," in ji Alphonsus. "Kai ne dillali."

"A gaban mutane? In ce me? Iya ba ni ƙarshen tatsuniya?"

"Ka ce Ashraf ne ya matsa," in ji Malam.

Alhaji ya tattara sha biyun ya cusa a hula. Tuwon yamma ma cokali biyu ya yi ya ture. Hajiya Mairam ta dube shi, ta dubi hular, ta kwashe kwano.

Da ya yi haƙuri zuwa Alhamis da abin ya zo da sauƙi. Amma bai iya ba, washegari kuwa Laraba ce, ranar kasuwa. Ko da ya isa gindin darbejiya wurin ya cika: direbobin tirela, masu lodi, Fulanin da suka kwana a hanya da shanunsu, da dillalai 'yan'uwansa, har da Shehu, wanda in ya ga abu da safe kafin azahar an ji shi a Damaturu. Malam da Alphonsus suna can tsallaken titi, wai suna duba tayar wani babur da ba nasu ba.

Alhaji ya sunkuya kusa da kasko. "Iya, takardar nan. Ta ƙarshe."

"Alhaji ɗaga murya, mai yana ƙara!"

"Na ce ta ƙarshe," ya faɗa ta tsakanin haƙora.

"Au, ta goge hannu?" Ta sa hannu a ƙugu ta zaro falle ɗaya a ninke, tsaf, ko ɗigon mai babu. Alhaji ya miƙa hannu. Ta janye.

"Tsaya tukuna. Ni ban yi boko ba, Alhaji. Ranar da littafin nan ya fito daga buhu na zauna ina kallon hotuna. Na ga ɗan maraƙi yana gudu, ban san me ya koro shi ba. Na ba yaran da ke zuwa sayen ƙosai su karanta min, suka ce wannan na 'yan aji ɗaya ne, su sun wuce nan. Haushi ya sa na fara yaga. Sai ga ka a bayan bishiya kana ɗaga takarda sama kamar mai duban wata. Sai ga Malam. Sai ga Dakta. Na ce to, ashe masu karatun suna nan, gemu ne ya ɓoye su."

"Iya, rage murya."

"Wannan ta ƙarshen ba hoto, rubutu ne zalla. Mako biyu tana ƙuguna, ban san ko ya mutu ko ya yi rai ba. Ka karanta min daga farko, in ba ka."

"Zan aiko a ɗauke ki, a gida, cikin mutunci."

"Wa zai riƙe min kasko? A nan, yanzu."

"Hadijatu, ki dubi mutanen nan. Ni ne fa Maigandi."

"Na san ka. To shi ke nan, dama itacen yau ɗanye ne, wutar tana son takarda." Ta kai fallen bakin murhu.

"Kar ki!"

Ihun ya fi na tsayar da bajimin da ya ɓalle. Wurin ya yi tsit. Har mai koko da ke gefe ya tsaya da ludayi a sama. Shehu ya matso, idonsa yana ƙyalli.

"Alhaji lafiya? Takardar fili ce?"

Ga ƙofa an buɗe masa. In ya ce e, ya juya ya tafi, girmansa yana nan yadda ya gina shi shekara arba'in, fallen kuma ya tafi wuta ko ya koma ƙugu, ɗan maraƙi ya tsaya a bakin kwalta har abada da igiya a gabansa. Alhaji ya dubi Shehu. Ya dubi takardar, gefenta har ya fara yin ja.

Ya cire hula.

Takardu goma sha biyu masu maiƙo suka zubo a cinyarsa lokacin da ya zauna a kan benci. Ya jera su, ya yi gyaran murya, ya ɗora yatsa.

"Akwai wani ɗan maraƙi, sunansa Tangaɗi, domin in yana tafiya ƙafafunsa ba sa shawara da juna."

Shehu ya faɗi ƙasa don dariya. Masu lodi suka taya shi. Wani ya ce, "La ilaha, Alhaji ya koma aji ɗaya!" Kunnuwan Alhaji suka yi zafi, amma bai ɗaga kai ba. Yatsa ya ci gaba da tafiya, a hankali, yana tuntuɓe a kan dogayen kalmomi yana tashi. Iya Hadijatu ta ajiye matsami ta tallafe haɓa.

Da aka zo wurin raƙumi mai mura, aka sake fashewa da dariya, amma wannan karon ba Alhaji ake wa ba. Da zabuwa ta yi kwatancen ƙarya, wani mai lodi ya ce, "Munafuka! Haka suke." Wani dattijon Bafulatani ya dogara da sandarsa ya ce maraƙi ba ya ƙetare rafi shi kaɗai, sai dai in ya jiyo warin garkensu, aka ce masa Baffa yi shiru a ji. Wata mota ta yi ta hon a titi, mutum uku suka juya suka daka mata tsawa. Malam da Alphonsus sun bar tayar babur, sun tsallako, suna tsaye a baya kamar ba su san zancen ba, sai dai bakin Malam yana riga Alhaji faɗin kowane layi.

"Direba ya diro," in ji Alhaji. "A hannunsa akwai igiya."

Ya ajiye falle na goma sha biyu. Ba mai tauna. Shehu, da yake zaune a ƙasa tun faɗuwar da ya yi, ya ce, "To sai me? Alhaji, sai me?"

Iya Hadijatu ta miƙa fallen ƙarshe da hannu biyu.

Alhaji ya warware. "Direba ya tsuguna. Ya kama kunnen Tangaɗi ya duba, ya ga tsaga biyu. Ya ce, 'Na san wannan shaidar. Na san rugarku.' Motarsa ba kaya, daga kudu yake dawowa. Ya ɗaura wa Tangaɗi igiya a ƙirji don kada ya faɗi, ya zaunar da shi a gidan gaba kusa da shi. Suka yi ta tafiya. Da suka kai wata tsamiya, sai suka ji wata saniya tana kuka. Tangaɗi ya diro. Ƙafafunsa suka harɗe, ya faɗi, ya tashi, ya ruga. Innarsa ta lashe shi tun daga kunne har wutsiya. Ya kwanta a gefenta, ya ce..."

Yatsa ya tsaya.

"Ya ce me?" in ji Iya Hadijatu.

"Hayaƙin nan naki ne, Iya. Ɗanyen itace." Ya goge ido da hannun riga. "Ya ce, 'To, a nan zan kwana.'"

Aka saki numfashi gaba ɗaya. Iya Hadijatu ta ce alhamdu lillahi sau uku, sannan ta yi salati da ƙarfi, don ƙosan da ke kasko ya zama gawayi.

Alhaji ya ninke takardar, dillalin da ke cikinsa ya farka. "Amma ƙarya ce. Babu direban da zai tsinci maraƙi a hanya ya mayar."

"Wallahi ni zan mayar!" in ji wani ƙaton direba mai suna Auta.

"Kai? Kai da ko tabarmar masallaci ba a bari kusa da motarka?"

"A gidan gaba ma zan sa shi, in sauke yaron mota!"

Gardama ta kaure, rabi suna bayan Auta, rabi suna cewa sai dai a littafi. Alhaji ya mayar da takardu sha uku cikin hula, ya kifa a kai, ya nufi kara. Yana jin idanu a bayansa. Ya san abin da ke tafe, bai dai san ta bakin wa zai fito ba.

Yana sa ƙafa a ƙofar kara, Shehu ya ɗaga murya daga nesa, yadda har masu awaki za su ji:

"Alhaji Tangaɗi! Ga wani sa a duba mana!"

Dillalai suka yi cirko-cirko suna jiran aradu. Alhaji ya tsaya. Ya juyo a hankali.

"Na'am," ya ce. "Kawo shi. In mura yake yi ba na saya."

Sai dariyar nan da ya ajiye tun yana saurayi ta fito. Ta yi tsatsa, tana ƙara kamar ƙofar tirela, har wata karsana ta firgita ta tsinke igiya. Sunan kuwa ya zauna daram. Wasu sun ce daga ranar Fulani suka fi kawo masa shanu, wasu sun ce ba abin da ya ƙaru sai masu tsokana. Abin da kowa ya shaida shi ne, in ana lodi yanzu yakan tsaya har sai motar ta sha kwana.

Da azahar ya koma gida yana shirya yadda zai yi bayani, don ya san labari ya riga shi. Ya tarar da Hajiya Mairam a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba.

"To, ya isa gida?"

"Wa?"

"Tangaɗi mana. Ni a igiya na tsaya."

Alhaji ya dafe hularsa. "Ke kuma a ina..."

"Mutum ya kwanta ƙailula ya ajiye hula tana zubar da mai a kan matashina, ba zan duba ba? Mako biyu ina bin ka, falle biyar, duk ramuka. Sai jiya ka kawo na kirki, na karanta kana wanka." Ta ture faifan gefe, ta goge hannu a zani. "Batun ƙosai kuma yana nan, za mu yi shi da kai da Dakta. Miƙo hular."